Ƙanzo ko tuwo? Abin da ke cikin kundin fuskar B da kiɗan dandali

Idan ƙungiyar makaɗan rok ta fitar da kundi, ka buɗe ka tarar rabin waƙoƙin ka daɗe da saninsu, illa dai yanzu da ihun jama'a a ciki, sauran rabin kuma ko a rediyo ba ka taɓa cin karo da su ba, me aka sayar maka? Sabon aiki ne, ko ƙanzon tukunya aka kankaro aka ce tuwo ne? Gardamar nan ta zama ruwan dare a fadojin samari masu son jita a Damagaram, daga Birni har Zango, tun da waƙa ta koma yawo a salula, babu kwali babu takarda.

A rumfunan masu tura waƙa na kasuwar Dole ake ganin abin ƙuru-ƙuru. Yaro ya dawo da katin memori yana ɓata rai: "Maigida, abin da ka sa mini jiya ba shi ba ne. Waƙa ɗaya sau biyu, ta biyun ma minti goma sha wani abu, mutane sai ihu suke yi." Mai rumfa ya dubi kwamfuta ya ce, "Ƙanena, wallahi haka na same shi." Dukansu gaskiya suka faɗa. Abin da ya ɓace a tsakaninsu shi ne bayanin da ya kamata ya biyo waƙar: ina aka ɗauke ta, yaushe, da wace na'ura, kuma me ya hana ta shiga babban kundi tun farko.

Daga ina fuskar B ta fito?

Sunan gadon faifan garmaho ne. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai faɗin santimita 30, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kowace fuska tana ɗaukar kusan minti 22. A 1949 RCA Victor ya mayar da martani da ƙarami, wanda faɗinsa bai kai santimita 18 ba, yana juyawa sau 45 a minti. Ƙaramin nan waƙa ɗaya yake ɗauka a kowace fuska, minti 3 zuwa 5. Shi matasa ke iya saye saboda araha, shi kuma ake kai wa gidajen rediyo.

Faifai fuska biyu gare shi, ba a barin ɗaya fayau. Waƙar da kamfani ke sa ran za ta ci kasuwa ita ake sa wa a fuskar A, ta baya kuwa 'yar rakiya ce, kamar ƙawar amarya. A nan mutanenmu ke ruɗewa, don duk wanda ya yi zamanin kaset ya san A da B. Sai dai a kaset B ci gaban kundi ne kawai, ka juya ka ɗora daga inda ka tsaya. A ƙaramin faifai kuwa B matsayi ne.

Hasashen kamfani ba wahayi ba ne. Waƙar Bill Haley mai suna Rock Around the Clock, wadda ake lissafawa cikin waɗanda suka buɗe wa rok kasuwa, a fuskar B ta fito a 1954. Sai a 1955, bayan an sa ta a wani fim, ta hau kan jerin ciniki na Amurka. Ƙawar amarya ta fi amarya farin jini.

Tarin irin waɗannan waƙoƙi ya yi yawa ne a shekarun 1990, lokacin da ƙaramin faifai ya koma CD. A Ingila kamfanoni sun riƙa fitar da waƙa ɗaya a CD biyu, kowanne da 'yan rakiya dabam, don masoyi na gani-kashe-ni ya saya sau biyu, waƙar ta haye sama a jerin ciniki. Ka yi lissafi: kundi ɗaya ya haifi waƙoƙin talla huɗu, kowace tana neman 'yan rakiya biyu ko uku, ƙungiya na buƙatar ƙarin waƙa 8 zuwa 12 ke nan. Bayan 'yan shekaru sai ga kundi guda cur a warwatse. Haka ƙungiyar Oasis ta Manchester ta tattara 'yan rakiya 14 a 1998 cikin kundin The Masterplan, kuma masoyanta da yawa suna fifita shi a kan wasu manyan kundayenta.

Me ke tura waƙa baya? Wani lokaci tsawo ne, faifan minti 44 ba ya ɗaukar kowa. Wani lokaci launinta ne bai dace da sauran ba, mai sanyi ce a cikin kundi mai zafi. Akwai wadda mai jitar bas ya rera maimakon jagora, akwai waƙar wasu da aka ara, akwai gwajin farko da aka ɗauka a ɗaki kafin a shiga sitidiyo, akwai kiɗa zalla babu murya. Akwai kuma, a faɗi gaskiya, wadda aka haɗa cikin awa biyu don kawai a cike gurbi. Kowane irin kundin nan yana da biyu ko uku irinta, kuma ba laifi ka tsallake su.

Ɗaukar dandali iri uku ce, kuma kunne na iya bambancewa

Mafi sauƙi ita ce ta cikin taro: mutum ɗaya da na'ura ɗaya a tsakiyar jama'a. Tana kama zafin wuri, amma tana kama hirar na kusa da tarin na baya, ganguna su fito a dunƙule, murya ta nutse. Yawancin faifan sata na da irin wannan ne.

Ta biyu ita ce wadda ake ja da waya biyu daga na'urar haɗa sauti, wato mikisa. Mutane na ɗauka ita ce mafi kyau tunda babu hayaniya, amma tana da aibi da ba a cika ganewa ba. Mai kula da sauti ba don ɗauka yake haɗawa ba, don kunnen 'yan kallo yake yi. A ƙaramin fili ganguna da ampili, wato akwatin ƙara sautin jita, suna da ƙara da kansu, ba ya buƙatar ɗaga su, murya kaɗai yake turawa lasifika da ƙarfi. Idan ka saurari abin da ya fito daga mikisa sai ka ji mawaƙi a cikin kunnenka, jita can nesa kamar daga gidan maƙwabta, jama'a kuwa shiru kamar ba kowa. Idan ka ji waƙar dandali a bushe haka, daga nan ta fito.

Ta uku ita ce ta ƙwararru: kowane mikro ana raba wayarsa biyu, ɗaya ya tafi mikisa, ɗaya ya tafi na'urar ɗauka, kowane kayan kiɗa a layinsa, layi 16, 24 ko fiye, har da mikro biyu ko huɗu da aka juya wajen jama'a. Daga baya a zauna a sitidiyo a daidaita. A da, mota guda ake cikawa da na'urori a ajiye a bayan zauren wasa. Da irin motar nan, ta ƙungiyar Rolling Stones, aka ɗauki wasan Bob Marley a zauren Lyceum na Landan a Yulin 1975. No Woman, No Cry da kake ji a shagon aski da cikin motar haya, mai tafi da amshin jama'a, ta wannan dare ce. Ta sitidiyo da ta fito a 1974 ta fi ta sauri, kuma ba kowa ya san ta ba. Regge ne ba rok ba, amma babu misalin da ya fi shi kusa da kunnenmu.

Akwai wata a tsakiya, ba ta dandali ba ba ta kundi ba: ɗaukar gidan rediyo. A BBC, shirin John Peel ya shafe shekaru yana gayyatar ƙungiyoyi su ɗauki waƙa uku ko huɗu cikin yini ɗaya. Babu 'yan kallo, amma kuma babu lokacin ƙawa. Kundin Nirvana na 1992, Incesticide, yana ɗauke da irin waɗannan tare da 'yan rakiya da gwaje-gwajen farko.

Gyaran da ba a faɗa

Ga inda masu zargi ke da hujja. Kalmar "kai tsaye" a kan kwali ba ta nufin ba a taɓa komai ba. Ƙungiyar Kiss ta amince daga baya cewa kundinta na dandali na 1975 ya sha gyara a sitidiyo. Ba su kaɗai ba ne. Tsirkiya ta tsinke a tsakiyar waƙa, mawaƙi ya kauce wa mikro yana tsalle, mai amshi ya saki layi, sai a koma sitidiyo a sake wannan gurbin a ɗora.

Matsalar ita ce gyara ɗaya yana jan wani. Mikron mawaƙi ba muryarsa kaɗai yake kamawa ba, yana kama ganguna da jita. Mikron ganguna ma yana kama muryar. Idan ka cire tsohuwar murya ka sa sabuwa, inuwar tsohuwar tana nan a sauran layuka, tana leƙowa duk inda biyun suka saɓa. Don a rufe ta sai a sake jita, sai a sake bas, har wani lokaci ganguna da tafi kaɗai suka rage daga ainihin daren.

Tafin ma ba kullum na daren ba ne. A cikin waƙoƙin da Oasis ta tattara akwai wata ta Beatles da suka ara, wadda da farko aka rubuta cewa a wani kulob na Glasgow aka ɗauke ta. Daga baya Noel Gallagher, mai jitar Oasis, ya bayyana cewa a wajen gwajin sauti na wani taron kamfanin Sony aka ɗauka, ihun jama'ar kuma daga wani faifai aka aro. Gyara tsirkiyar da ta tsinke abu ne da za a iya yafewa, ba wanda ke son ya sayi kuskure ya riƙa jin sa sau ɗari. Ƙarya a kan wuri da rana kuwa tana kashe abin da ya ba kundin daraja.

Mai natsuwa na iya kama gyara. Saka abin ji a kunne, ka lura da tafi: idan wani fito ko wata kururuwa tana dawowa iri ɗaya sak bayan 'yan daƙiƙoƙi, an maimaita yanki ne. Idan ƙarar jama'a ba ta hawa ba ta sauka ko ana tsakiyar baiti ko an gama, an shimfiɗa ta ne. Idan mawaƙi ya yi minti 8 yana ihu kuma ba ka jin hakinsa, da walakin.

Wa ke cin riba, wa ke ƙorafi?

Ga kamfani lissafin a fili yake. An riga an biya kuɗin sitidiyo tun shekarun baya, abin da ya rage shi ne daidaita sauti da kwali. Kundin yana cike giɓi idan ƙungiya ta yi shekara biyu ko uku ba sabon aiki, wani lokaci kuma yana cika adadin kundayen da yarjejeniya ta ɗora wa ƙungiyar da ke shirin barin kamfani. Irin wannan na ƙarshe shi ya fi fitowa a gurguje, babu bayani, makaɗan ma ba su sa hannu a zaɓe ba.

Akwai kuma yaƙi da masu sata. Tun 1969, da wani faifan Bob Dylan da ba shi ya fitar ba ya shiga kasuwa a Amurka, kasuwar bayan fage ta kafu. Ƙungiyoyi sun gane cewa hanya mafi sauƙi ta kashe ta ita ce su sayar da nasu mai kyau. Pearl Jam ta kai abin ƙarshe: wasanninta na rangadin 2000 ta fitar da 72, kowanne kundi guda.

Tsofaffin masoya su ne masu ƙorafi, kuma suna da gaskiyarsu. Wanda ya bi ƙananan faifai ɗaya-ɗaya ya saya da tsada, yau an tattara an ba kowa a farashi ɗaya, an kuma saka waƙa biyu da ba a taɓa fitarwa ba don shi ma dole ya sake saye. Sabon mai saurare kuwa, musamman na ƙasar da ƙananan faifan ba su taɓa isowa ba, gaba ta kai shi.

Zamanin intanet ya canza lissafin ba tare da ya kashe shi ba. Yanzu babu fuska, don haka 'yan rakiya sun koma "ƙarin waƙoƙi" a bugu na biyu na kundi. A manhajar sauraren waƙa ta Spotify ana ƙirga saurare ɗaya ne idan an kai daƙiƙa 30, ko waƙar minti 3 ce ko ta minti 13. Ke nan doguwar waƙar dandali, wadda ita ce ainihin abin da jita ke nunawa, ita ce mafi ƙarancin kawo kuɗi a kowane minti. Tun 2024 kuma waƙar da ba a saurara sau 1000 cikin wata 12 ba ba ta samun kaso. Waƙoƙin da wannan doka ta fi dannewa su ne irin waɗanda muke magana a kai.

A Nijar abin a juye yake

Duk bayanin nan na sama ya ginu ne a kan tsarin Turai da Amurka, inda sitidiyo ne uwa, dandali ɗa. A wajenmu dandali ne uwa. Waƙa tana girma ne a gidan biki, ana ƙara mata ana rage mata, kafin ta ga sitidiyo, in ma ta gani. Wannan ba sabon abu ba ne ga Bahaushe: waƙa ɗaya ta Mamman Shata tana da ɗauka iri-iri, kowace da baitocin da babu a 'yar'uwarta, kuma ba wanda ya taɓa cewa an cuce shi don ya sami biyu. Haka masu neman waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo ke tambaya, "wacce ce, ta wane wasa?"

Masu jitar arewa a kan wannan turba suka bi. Faifan Bombino na Agadas da kamfanin Sublime Frequencies ya fitar a 2009, fuska ɗaya jitar katako ce, ɗayar kuma wasan lantarki ne da aka ɗauka a gaban jama'a a Agadas. Mdou Moctar na jihar Tawa ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula, har ɗaya ta shiga kundin da kamfanin Sahel Sounds ya tattara daga katunan memori a 2011. Kundinsa na 2013 a Cintabaraden aka ɗauke shi, ba a wani babban sitidiyo ba. Bayan ya shiga kamfanin Matador na Amurka ya yi suna, a 2022 ya fitar da ƙananan kundaye biyu masu suna Niger EP, cike da ɗaukar gidajen biki, gwaji da wasu launukan waƙoƙin da aka riga aka sani. Bature na ganin su a matsayin ƙari. Wanda ya taɓa tsayawa a bikin da ake jita har dare ya san waɗannan ne suka fi kama da abin da ya gani.

Abin takaicin shi ne ƙungiyoyin garinmu, masu wasa a bukukuwan Sabon Gari da gidan raya al'adu, suna zubar da wannan dukiya kowane mako. Ana wasa mai kyau, abin da ya rage washegari shi ne bidiyon salula mai tsatsa.

Yadda ake ɗaukar wasa ya zama abin ajiya

Salula ba ta iya wa ƙarar lasifika. Ƙaramin mikron cikinta yana cika, kuma tana da tsarin da ke ɗagawa da sauke ƙara da kansa, shi ya sa duk bugun babbar ganga sai sauti ya nutse ya taso. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar na'urar ɗauka mai layi huɗu: biyu daga mikisa, biyu daga mikron jikinta. Na mikisa su ba ka murya tsaf, na jikinta su ba ka jita, ganguna da jama'a, wato daidai abin da kowanne ya rasa.

A kafa na'urar a kan sanda, tsayin mita 2 zuwa 2 da rabi don ta wuce kawunan mutane, nisan mita 5 zuwa 8 daga makaɗa, a tsakiya tsakanin lasifikan hagu da dama. A sa mata hular soso ko ta gashi. Iskar hunturu kaɗan ta isa ta mayar da wasa guda rugugi, ƙura kuma tana toshe ragar mikro. A yi amfani da batir sabo, kada a jona ta da wutar gurup, wato janareta. Idan na'ura da mikisa suna shan wuta daga wurare biyu kuma waya ta haɗa su, sai wani gunji mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ya shiga ƙarƙashin komai, cire shi kuma yana tafiya da rabin bas. Shi kansa gurup ɗin a kai shi bayan katanga, ta gefen da iska ke tafiya.

Ƙara a saita ta lokacin gwaji, a sa mai ganga ya buga iya ƙarfinsa, ma'aunin ƙara na na'urar ya tsaya wajen 12 ƙasa da sifili, domin sifili shi ne iyakar da sauti ke fashewa. Makaɗa kullum suna ƙara wuta idan fili ya cika, wannan ratar ita ce za ta cece ka. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi gobe. Wanda ya bugi sifili ya fashe, ya fashe ke nan. A ɗauka a WAV, wato tsarin fayil da ba ya matse sauti, a saita na'urar a bit 24, kilohaz 48. Layi huɗu suna cin kusan megabait 35 a minti, wasan awa biyu ya haura gigabait 4 kaɗan, don haka katin gigabait 32 ya wadatar, amma a goge shi a cikin na'urar kanta kafin a fara.

Sai abin da kusan kowa ke mantawa. Sautin mikisa yana isowa nan take ta waya, na iska kuwa tafiya yake yi, kusan mita 350 a daƙiƙa a zafin garin nan. A nisan mita 7 yana makara da kusan kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Ba a jin sa a fili, amma idan aka haɗa layukan huɗu ba a daidaita ba, ganga za ta riƙa fitowa bibbiyu, murya kamar daga cikin randa. Maganinsa: kafin a fara, mai ganga ya haɗa sandunansa sau ɗaya a gaban mikron mawaƙi. A kwamfuta za ka ga tsinin bugun a layukan duka, ka ja na iska baya har su hau kan juna.

Da an tashi, a rubuta rana, unguwa, sunayen makaɗa da jerin waƙoƙi, a sa a cikin jaka ɗaya da sautin. A kwafe wuri biyu ban da katin. Idan za a aika ta WhatsApp a aika a matsayin takarda, kada a danna ta a matsayin saƙon murya, don wannan matse ta yake yi.

Tsofaffin kaset

Wanda zai tattara tsohon aiki zai tarar da yawancinsa a kaset, cikin kwali a ƙarƙashin gado. Kafin a kunna, a ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na sama don kada hannu ya kuskure ya danna ɗauka. A duba ɗan soson da ke bayan zaren a tsakiya. Yakan ɓanɓare da tsufa, in babu shi sauti zai fito a dushe. A zarge zaren har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don ya saki. A goge kan na'ura da robar da ke jan zare da auduga da alkol. Akwai ɗan kusa a gefen kan na'urar, ana murɗa shi a hankali ana saurare har sautin ya fi tsini, domin kowace kaset da karkatar na'urar da ta ɗauke ta.

Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa. Idan an ɗauka da rediyon da batirinsa ya yi sanyi, zaren ya tafi a hankali, yau da ka kunna a na'ura mai lafiya sai waƙar ta yi sauri, murya ta siranta. Kuskuren kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga waƙa rabin mataki. Mai jita da ya san waƙar shi zai gaya maka inda za a mayar da ita.

Haƙƙin wa, sunan wa?

Kowace waƙa da aka ɗauka haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya tsara waƙar, da na wanda ya mallaki wannan ɗaukar. A kundin tattare-tattare biyun nan sukan rabu gida-gida. Waƙar aro ce? Mai ita yana da kaso. Mai bas na wancan lokaci ya bar ƙungiya? Hannunsa na ciki. Gidan rediyo ne ya ɗauka? Sai da izininsa. A Nijar ofishin da ke kula da haƙƙin mawallafa shi ne BNDA, kuma ƙungiyar da ba ta yi rajistar waƙoƙinta ba za ta sha wuya ranar da ta tarar wani ya ɗora wasanta a YouTube da sunansa. Takarda ɗaya da kowa ya sa hannu kafin a fitar, wadda ta faɗi kason kowa, ta fi sulhun da za a yi a gaban manya bayan zumunci ya ɓaci.

Akwai kuma matsalar da Oasis ba ta da ita. Wasan biki cike yake da sunaye: ango, amarya, uwar biki, Alhaji wane da ya yi liƙi, Hajiya wance da aka wasa. A daren kowa na murna. Bayan shekara biyar wataƙila auren ya mutu, wanda aka yi wa kirari ya sauya jam'iyya, ko kuma matar da aka ambata ba ta son sunanta yana yawo a wayoyin mutanen da ba ta sani ba. Kafin a fitar, ko a nemi yardar masu biki, ko a yanke wurin. Yankan yana da ƙa'ida: a yanka a kan bugun farko na zagayen kiɗa, a haɗa da bugun farko na wani zagayen, a bar layukan jama'a su ɗan haɗu na rabin daƙiƙa don kada tafi ya katse kamar an rufe ƙofa. Idan gudun kiɗan ya ƙaru a tsakani, kamar yadda jitar biki ta saba, ɗinkin zai fito. Gara a dushe waƙar a hankali kafin a kai ga sunayen.

Abin da ya rage ga mai rumfa da mai saye

Kundi mai minti 70 yana cin kusan megabait 67 a MP3 mai lamba 128 (ƙarancin lamba na nufin an fi matse sautin), kusan 168 a mai lamba 320, sama da 700 a WAV. Ɗaukar dandali ta fi ta sitidiyo shan wahala idan an matse ta, domin tafi da faranti na ganguna su ne abin da MP3 ya fi kasa riƙewa, sai su koma kamar ana soya wani abu. Wanda ya sami mai 128 ya juya shi zuwa 320 bai ƙara komai ba sai nauyi.

Mai rumfa da ke son ya huta da gardama ya gyara sunayen fayil kafin ya tura: lambar jeri, sunan waƙa, sannan "dandali, Agadas, 2007" ko "gwaji" ko "rediyo", gwargwadon abin da ke rubuce a kwalin asali. Ya sa su a jaka ɗaya, kada ya zuba su cikin sauran waƙoƙin ƙungiyar, domin a yawancin kundayen nan tafin waƙa ta huɗu shi ne ke buɗe ta biyar, kuma idan salula ta cakuɗa jerin sai a ji ihu ya yanke a tsakiya.